Bari In Mayar

Wanda ya san Gauraka kafin gwamnatin tarayya ta kwashe komatsanta daga Legas zuwa Abuja a watan Disamban 1991, ya san ƙauye ne a bakin hanyar Kaduna, mai gonakin doya da dawa, inda Gbagyi da Hausawa da Fulani suka san juna har da sunan kakanni. Motar da ta tsaya a mahaɗar, ko dai ruwa za a zuba mata, ko fasinjan Suleja za ta sauke. Yau kuwa tun kafin a idar da sallar asuba mutane ke jere a bakin titi suna jiran motar da za ta bi da su ta gindin Dutsen Zuma da Madalla da Zuba, su shiga birni su yi wa wani aiki, su dawo bayan isha a gajiye. Gonaki sun zama fulotai, fulotai sun zama ɗakunan haya. An yi ta rubutu a kan wannan. Abin da ban ga an kula da shi ba shi ne yadda karta ta canza, alhali a wurin karta ne na fi ganin abin da shekarun nan suka yi wa hankalin namiji idan kuɗi na gabansa kuma ana jiran ya yanke shawara.

Kartar da muka tashi muka tarar ita ce Whot, mai kati 54. Wani Bature ɗan Ingila, William Henry Storey, ya ƙirƙiro ta a 1935, amma a can an daɗe da daina yayinta, a Najeriya ta sami gidan zama. Alamominta biyar ne: ƙwallo, kuros, angul, kafet da tauraro. Ka jefa 2, na kusa da kai ya ɗebi biyu. Ka jefa 14, kowa ya tafi kasuwa, wato ya ɗebi kati. Ka jefa 20, ka nemi alamar da ranka ke so. In saura kati ɗaya a hannunka sai ka faɗa da ƙarfi, “las kad”, in ka manta a kora ka kasuwa ana yi maka dariya. In an tashi a ƙirga lambobin da suka rage wa kowa, tauraro kuma ninki biyu ake lissafa shi. Kartar majalisa takan tsufa har ta yi laushi da maiƙo, wani katin an san shi daga bayansa saboda kunnensa ya gutsure, kowa ya san an sani, kuma ba a fasa wasa.

Abin da ake sawa ba ya wuce goro, ko karan sigari, ko 'yan canjin da ake dannewa da dutse a tsakiyar tabarma. Da bikin Sallah ne ake yin abin da za a kira gasa: kowa ya zuba daidai, ana fitar da mai yawan lamba ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshe ya kwashe. Amma 'yan wasan ba su kai 'yan kallo yawa ba. Bayan kowane ɗan wasa akwai mutum biyu ko uku a tsugune suna leƙen hannunsa, an hana su magana, su kuma ba su taɓa hanuwa ba.

Akwai wani tela da ba na mantawa da shi. Ya iya karta ƙwarai, yana riƙe abin da ya fita a ka, ya san wa ke ƙarancin kuros. Matsalarsa ɗaya: in aka ɗora masa biyu sau biyu a jere, sai wuyansa ya yi tsawo, ya fara buga kati a tabarma da ƙarfi tun kafin na gabansa ya janye hannu. A irin wannan halin ne yake sakin 20 ɗinsa da wuri don kawai ya rama, alhali ita ce za ta fitar da shi a ƙarshe. Wani dattijo mai sayar da goro, wanda bai taɓa riƙe karta ba amma ba ya fashin kallo, yakan ce masa, “Malam, a sannu. Kartar nan ba guduwa za ta yi ba.” Ba ya ji. Amma washegari in ya zo ya fara, “Jiya kam sa'a ce ta juya min baya,” kafin ya rufe baki mutum huɗu sun tare shi: “A'a, Malam, ba sa'a ba ce. Kai ka saki ashirin kana da kati shida a hannu.” Ya yi musu, a lissafa masa wasan tun daga rabo. Ya yi shiru, ya ce a raba.

Wannan shi ne abin da na ɗauka ba komai ba a lokacin. Telan bai fi samarin yau gaskiya da kansa ba. Ƙaryar da yake so ya yi wa kansa iri ɗaya ce da tasu. Bambancin kawai, tasa ba ta kwana biyu, domin akwai shaidu, kuma shaidun ba sa jin nauyinsa. Ga kuma jinkirin da ke cikin wasan kansa: a tattara, a gauraya, a yanka, a raba, wani ya tashi kama ruwa, a kira sallah a watse. Duk fushin da mutum ya ɗauko, sai ya huce rabi kafin kati ya sake shigowa hannunsa. Kuɗi kuma ana ganinsu da ido. In aljihu ya ƙare, ba yadda za ka ci gaba sai ka buɗe baki a gaban jama'a ka ce a ranta maka, kuma ba kowane magidanci ke iya haɗiye wannan kunyar ba.

Kada a ɗauka ina wanke kartar da. An sayar da keke saboda ita, an zare wuƙa, mata sun yi yaji. A zangon manyan motoci na Tafa an yi cacar da ta cinye kuɗin man tafiya. Caca caca ce ko a kan tabarma. Abin da nake cewa shi ne wanda ya lalace a lokacin, ya lalace yana sane, gari ma na sane.

Daga nan abubuwa suka zo a jere. Bayan Zamfara ta buɗe ƙofa, Jihar Neja ta karɓi shari'ar Musulunci a 2000 zamanin Gwamna Abdulƙadir Kure, sai karta mai kuɗi ta ja da baya daga gindin bishiya ta shige zaure da bayan shago. A 2001 wayar salula ta shigo. Tsakanin 2003 da 2007, lokacin da Nasiru el-Rufa'i ke ministan Abuja, rusau ya koro dubban mutane zuwa Madalla da Suleja da Gauraka, hana acaɓa a tsakiyar birnin a 2006 ya ƙaro wasu. Gari ya cika da mutanen da ba su san uban juna ba. Gidajen kallon ƙwallo suka buɗe, sai shagunan caca suka biyo su: NairaBet ta fara a 2009, Bet9ja a 2013, wasu suka bi sahu. Kafin a ankara shagon ma ya koma cikin waya. Yanzu akwai ƙwallon kwamfuta da ake tashi cikin 'yan mintuna, akwai ɗan jirgin nan da ke tashi kuɗinka na ninkuwa, ka danna ka fita kafin ya ɓace, duk cikin daƙiƙu. Wanda ke tsaye a mahaɗa yana jiran mota da asuba zai iya rasa kuɗin motar kafin motar ta iso, na kusa da shi bai sani ba.

Ta wannan ƙofar kartar Amurkawa ta shigo, wadda ake kira foka. Da a manyan otal na Abuja da Legas kawai ake ganin irinta, wurin masu kwat. Yanzu samari na koyonta a waya da kuɗin wasa, su kalli gasar a YouTube, sannan su sayi karta mai kati 52 da ƙwandalolin roba su haɗu a ɗaki. Samfurin da ya fi yaɗuwa ga yadda yake: a ba kowa kati biyu a rufe. A shimfiɗa biyar a tsakiya na kowa da kowa, uku da farko, sai ɗaya, sai ɗaya. A kowane mataki kana da zaɓi: ka janye ka bar abin da ka riga ka zuba, ka bi abin da aka sa, ko ka ƙara. Mai haɗi mafi ƙarfi ya kwashe, sai dai in ya tsorata ya janye, domin ana iya cin wasa da burga kawai ba tare da an nuna kati ba. A gasa kuwa, kowa na farawa da ƙwandala daidai, akwai kason dole da ke ƙaruwa bisa agogo, wanda nasa suka ƙare ya tashi.

Abin da ya watsa wasan a duniya labarin mutum ɗaya ne. Tun 1970 ake babbar gasar foka a Las Vegas, kuma ƙwararru ne suka saba cinye ta. A 2003 wani akanta daga jihar Tennessee, Chris Moneymaker, wanda ya sami kujerar dala 10,000 ta hanyar wata 'yar gasar intanet da ba ta kai dala ɗari ba, ya doke mutum 838 ya tafi da dala miliyan biyu da rabi. A wasan ƙarshe ya yi wa ƙwararre Sam Farha burgar da har yau ake nunawa. Bayan shekara uku, a 2006, masu shiga gasar sun kai 8,773. Kowa ya ga kansa a jikin akantan. Ba wanda ya ga kansa a cikin ɗari takwas da 'yan kai da suka koma gida, kuma a irin waɗannan gasanni mutum goma zuwa goma sha biyar cikin ɗari ne ke samun ko sisi.

Dalilin da ya sa nake cewa foka ta fi Whot iya ruɗin mutum yana cikin lissafinta. Mafi kyawun abin da za a raba maka shi ne A biyu, wato tagwayen kati mafi girma, kuma sau ɗaya cikin rabo 221 yake zuwa. In ka kara da mai ƙananan tagwaye, kai ke da nasara kusan sau huɗu cikin biyar. Ma'ana sau ɗaya cikin biyar za ka yi komai daidai a cinye ka. In kana da kati huɗu masu alama ɗaya bayan an shimfiɗa ukun farko kana jiran na biyar, damar zuwansa kusan 35 ce cikin ɗari, wato wanda ya bi wannan da dukiyarsa duka ba lissafi zai ci sau ɗaya cikin uku, ya tashi yana jin shi gwani ne. Wasa ne da ke hukunta mai daidai wani lokaci, ya saka wa mai wauta wani lokaci, kuma katin abokin karawa sau da yawa ba a ganinsa. Duk wanda ke neman hujjar yabon kansa zai samu, duk wanda ke neman wanda zai ɗora wa laifi zai samu.

Na zauna kallon irin wannan gasa a wani ɗaki bayan shagon aski. Samari ne, akwai masu aikin ofis a birni, akwai ɗan bautar ƙasa, akwai mai gyaran waya. Ba a ga takardar kuɗi ko ɗaya ba. Kowa ya tura kasonsa ta waya ga mai ɗakin, an ajiye wata wayar a tsakiya tana ƙirga lokaci. Ba 'yan kallo sai ni, ƙofa a rufe, fanka na juyawa da wutar janareto. Hankalina ya tsaya kan wani yaro mai natsuwa. Ya daɗe yana janyewa, hannu bayan hannu, abin da ƙwararru ke yi ke nan, domin su ma mafi yawan abin da aka raba musu zubarwa suke. Can aka ba shi A biyu. Ya ƙara, wani mai 8 biyu ya ƙara a kansa, ya tura, wancan ya bi. Aka buɗe. Uku suka sauka ba komai, na huɗu ba komai, na biyar 8. Ɗakin ya ɗauki ihu.

Yaron bai fita ba, don ya fi wancan ƙwandala. Abin da ya rage masa zai iya kai shi nesa in ya yi haƙuri. Aka sake rabo. Ya ɗaga kunnen katinsa sau ɗaya, ya tura duka tun kafin mai rabo ya ajiye karta. Aka bi shi. Da aka buɗe, 9 ne da 4, alama daban-daban. Ya miƙe ya ɗauki hularsa.

A waje na tarar da shi yana jingine da babur. Ya ce, “Baba, ka dai gani da idonka. A biyu fa! Wa zai ce 8 za ta faɗo? Ni wallahi ba ni da sa'a a wasan nan.” Na ce na gani. Na tambaye shi hannun da ya biyo baya. Ya ce, “Ai wannan an riga an gama da ni.” Ba a gama da shi ba. A hannun farko bai yi kuskuren komai ba, ko sau ɗari aka maimaita haka ya kamata ya yi. A na biyu ne ya kashe kansa, cikin daƙiƙa biyu. Amma labarin da zai kai gida, ya ba abokai a wurin aiki, ya ba kansa in ya kwanta, na A biyu ne. Na 9 da 4 ba wanda zai tuna masa, domin sauran kowa na fama da nasa labarin. Shi ma mai 8 ɗin da ya fito cewa ya yi, “Ni fa na karance shi tun farko.” Bai karanci kowa ba; ya shiga rami ne kati ya ciro shi.

Wata tsohuwar ƙwararriyar foka, Annie Duke, ta rubuta littafi a 2018, Thinking in Bets, kuma babban abin da ta ja hankali a kai shi ne wannan ɗabi'a ta auna kyawun shawara da abin da ya biyo bayanta. Aka ci, to dabara ce; aka faɗi, to tsautsayi ne. Kafin ita, Daniel Kahneman da Amos Tversky sun nuna tun 1979 cewa zafin rashi ya fi daɗin samu nauyi a zuciyar mutum, daga baya suka ƙiyasta kusan ninki biyu, kuma wanda asara ta tsaya a gabansa ya fi yarda ya jefa kansa cikin kasada da ya karɓe ta. Kahneman ya sami kyautar Nobel a 2002 kan wannan aiki. Dattijo mai goro bai karanta su ba, amma da an fassara masa da ya ce ai telan nan ake nufi.

Inda na ɗan rabu da masu cewa matsalar gaggawa ce kawai shi ne nan. Ana cewa sauri ya haifi nawa, a ja numfashi, a ƙirga zuwa goma. Amma yaron nan ba lokaci ya rasa ba. Ba wanda ya matsa masa, agogo bai kusa bugawa ba, kuma ya nuna ya iya haƙuri tun farkon dare. Ya yi sauri ne don kada ya yi tunani. Da ya tsaya minti ɗaya, dole zuciyarsa ta gaya masa cewa ƙwandalolin nan sun tafi, yanzu shi mai ƙaramin jari ne, sai ya sake zaman jira. Wannan maganar ce ba ya son ji, sai ya riga ta da hannu. Ƙaryar ce ke fara zuwa, gaggawa ta biyo baya tana yi mata gadi. Shi ya sa maganar da ta fi yawa a bakin 'yan caca, daga tabarma har waya, ita ce “bari in mayar”. Mai faɗin haka bai yarda ya yi asara ba tukuna. A ransa kuɗin nasa ne har yanzu, ajiya ya ba wa tebur.

Ƙanwar wannan magana ita ce “yanzu kam dole ta juyo”. A gidan caca na Monte Carlo a watan Agustan 1913, ƙwallon faifan caca ya faɗa baƙi sau 26 a jere, mutane suka yi ta zuba dukiya a kan ja saboda wai lokacinsa ya yi, suka tsiyace. Faifan bai san abin da ya yi a baya ba. Karta ma ba ta san ta ɓata maka rai ba, balle ta ji ya kamata ta lallashe ka.

Akwai kuma wani rufi da ya shafe mu mu kaɗai, wanda littattafan Turawa ba su san da shi ba. Babu yaron da ya yi makarantar allo da bai san hukuncin caca ba; yana cikin Suratul Baƙara aya ta 219, da Ma'ida aya ta 90 da 91, inda aka jera ta da giya. Maƙwabtanmu Kirista ma fastocinsu ba su bar ta ba. Saboda haka kafin saurayin Gauraka ya zauna a tebur, sai ya fara shawo kan kansa cewa abin da zai yi wani abu ne daban. “Wannan ba caca ba ce, Baba, ƙwaƙwalwa ce.” “Ni nazarin ƙwallo nake.” “Ai gasa ce.” Ban musa cewa akwai gwaninta a foka ba, akwai, shi ya sa sunaye ɗaya ke ta maimaituwa a manyan gasanni. Amma gwanintar tana bayyana ne bayan dubban hannaye, kuma masu ita rubutawa suke: nawa na shiga da shi, nawa na fita da shi, a ina na yi wauta. To wanda ke ɓoye wa matarsa da mahaifinsa yana wasan, a wane littafi zai rubuta? Abin da ka ɓoye wa mutanen gida, a hankali kai ma sai ka daina ganinsa.

In an tashi kuma sai a jawo ƙaddara. “Rabona ne bai zo ba.” “Haka Allah ya so.” Maganar gaskiya ce da ake sawa inda ba wurinta ba. Manomin da ya yi shuka ya yi noma ruwa ya ɗauke, shi ke da bakin faɗin haka. Wanda ya tura albashinsa a kan 9 da 4 ya ce haka Allah ya so, ya ɗauki tawakkali ya yi mayafi da shi ne. Ni a ganina wannan ya fi asarar kuɗin muni, domin kuɗi na dawowa ƙarshen wata.

Abin mamaki, wayar da ta kore shaidu ta fi su riƙe lissafi. Dattijo mai goro yana iya mantuwa. Manhajar banki ba ta mantuwa. Kowace naira da ta fita tana nan da ranarta da mintinta, manhajar cacar ma tana da shafin tarihi. Ka tambayi saurayi mafi girman abin da ya taɓa ci, zai faɗa maka har da 'yan kai, da ranar, da ƙungiyar da ta ci masa. Ka ce ya buɗe shafin ku tara abin da ya zuba a wata uku, sai caji ya yi ƙasa. Wasu da saƙon cirar kuɗi ya shigo suke goge shi, wai don kada matar gida ta gani.

Hukuma na nata ƙoƙari. A ƙarshen 2024 Hisbar Kano ta bi shagunan cacar ƙwallo tana rufewa. Ranar 22 ga Nuwamban shekarar Kotun Ƙoli ta soke dokar caca ta tarayya ta 2005 a kan jihohi, ta ce hurumin jihohin ne, tarayya ta tsaya a Abuja. Ga mutumin Gauraka wannan abin dariya ne kaɗan: yana kwana a ƙarƙashin dokar Neja, yana yini a ƙarƙashin ta tarayya, wayar da ke aljihunsa kuwa tana ƙetare iyaka safe da yamma ba mai tsayar da ita. Rufe shago yana da amfaninsa, musamman ga yara ƙanana. Sai dai shagon, duk da muninsa, shi ne wuri na ƙarshe da wani zai iya dafa kafaɗarka ya ce ya isa haka.

Kuma halin bai tsaya a karta ba. Da harkar ninka kuɗi ta MMM ta daskare a Disamban 2016, akwai waɗanda suka sake zubawa da ta buɗe, don su ciro na baya. Da irinta, CBEX, ta rufta da mutane a Afrilun 2025, aka ce a biya wani kuɗin tantancewa kafin a saki na ciki, kuma an sami masu biya. Da yawansu ba su taɓa riƙe karta ba, wasu ma su ke wa 'yan caca wa'azi. Hannun 9 da 4 ne dai suka buga.

Tsofaffin 'yan majalisar da suka rage yanzu ba sa wasa, sai zama a benci bayan la'asar ana zagin zamani. Laifi tudu ne. Kwanakin baya na ji ɗayansu, tsohon direba, yana yi wa jikansa faɗa a kan waya, ya ɗora da cewa su a zamaninsu don nishaɗi suke karta, shi bai taɓa tashi daga tabarma da asarar da ta wuce kuɗin goro ba. Jikan ya sunkuyar da kai yana “to, Baba”. Abokinsa na kusa, wanda suka yi ƙuruciya tare, ya gyara zama ya ce, “Alhaji, to rediyon nan taka mai batir shida, da ka ce ɓarayi sun ɗauke, a gidan wa na gan ta?”